Ƙurar tsohon rufi: maganar amiyant a mangazoji da kantunan Damagaram, da wanda alhakin ke wuyansa

Makon jiya na bi ta wani lungu a Zongo zan je duba wayar kuran ɗin wani kanti, sai na ji kukan mel, injin yankan nan, daga sama. Wata tsohuwar mangaza ce, irin dogayen nan da aka gina tun ana ji da cinikin gyaɗa, mai ita ya rasu magada sun ce a tsaga ta gida shida a zuba ƴan haya. Na ɗaga kai na ga yaro a kan rufi, bai fi shekara goma sha bakwai ba, ya naɗe hanci da tsumma yana yanka rufin nan mai launin toka, mai tudu da kwari kamar kwano amma ya fi kwano kauri, ƙura fara fat tana tashi iska na kwasarta tana saukewa kan teburin mai shayi da ke gindin bango, har da buredinsa a buɗe. Maginin dattijo ne, mun sha haɗuwa a shantiye, na gaishe shi na ce Baba ka san abin da yaron nan naka yake shaƙa kuwa? Ya yi dariya ya ce haba ɗana, mu da muka tashi cikin hunturun Damagaram wace ƙura ce za ta ba mu tsoro.

Ban ga laifinsa ba wallahi, don ni kaina shekara ashirin da wani abu ina aikin kuran, filafon ɗin da na huda da hannuna ina kallon sama ƙurar na zubo min a fuska ban san adadinsu ba, kuma ba wanda ya taɓa ce min uffan. Sai daga baya na gane abin da muke wasa da shi.

Sunan abin amiyant, haka masu faransanci ke ce masa, ƴan uwanmu na Najeriya kuma su ce asbesto, har ma sukan ce silin asbesto. Dutse ne ake haƙowa daga ƙasa, amma idan aka farfasa shi sai ya tsattsage ya zama zare-zare kamar auduga. Ba ya cin wuta, ba ya ruɓewa, gara ba ta taɓa shi, ba ya ɗaukar kuran, ga araha. To ka ga duk mai gini zai so shi. Kala uku aka fi sani, fari da ruwan ƙasa da shuɗi, farin shi ne kusan duka abin da aka yi amfani da shi a duniya. A shekarar 1900 wani mutumin Ostiriya mai suna Ludwig Hatschek ya yi rajistar dabarar gauraya shi da siminti a murza ya zama faranti, daga nan aka samu abin da muke kira fibrosima, wanda sunan Eternit ya shahara da shi. A cikin irin wannan faranti zaren amiyant yakan kai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, sauran siminti ne ya riƙe shi.

Yanzu bari in dawo kan maganar Baba, don ita ce maganar da kowa ke yi. Ƙurar hunturu tana sa mura da tari da jan ido, gaskiya ne, amma yawancinta hanci da maƙogwaro suna tare ta ka kakaro ka tofar. Zaren amiyant wani abu ne daban. Ya fi gashin kai sirantaka ɗaruruwan sau, ido ba ya ganinsa, ba shi da wari, ba ya sa atishawa ma balle ka san ya shiga, yana iya yin awoyi yana yawo cikin iskar ɗaki bayan an gama aiki an tafi. Idan ya shiga sai ya wuce can ƙasan huhu ya soke kamar allura, jiki ya yi ta fama ya narkar da shi ya kasa, wurin ya yi ta yin tabo a kan tabo. Wani huhunsa ya taurare ya daina buɗewa sosai, shi ne ciwon da likitoci ke kira asbestoz, mutum ya taka daga ƙofar gida zuwa masallaci yana haki kamar ya yi gudu. Wani ya kamu da sankarar huhu. Wani kuma sankarar tantanin da ya lulluɓe huhu ko na ciki, mezoteliyom, wadda kusan duk inda aka gan ta idan aka bi sawu amiyant ake tararwa, kuma yawancin waɗanda aka gano musu ita ba su cika wuce shekara ɗaya ko biyu ba. Hukumar binciken sankara ta duniya ta sa dukkan kalolinsa, har farin da wasu ke cewa ba shi da illa, cikin rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara, ta ƙara da ta maƙoshi da ta ƙwan mace. Mai shan taba kuma da ya shaƙi amiyant, haɗarin sankarar huhunsa ninkuwa yake yi, ba ƙari kaɗan ba.

Abin da ya sa ba ma tsoronsa shi ne ba ya kamu da wuri. Shekara 20, 30, har 40 ko fiye kafin ciwon ya fito. Yaron nan na kan rufi zai sauko lafiya lau ya karɓi kuɗin yininsa ya ci tuwo, ya yi aure ya haihu, sai ya kai hamsin ya fara tari da ciwon ƙirji da rama, a ce tarin fuka ne a ɗora shi kan magani wata shida, ko a ce sammu ne, wa zai tuna da wata mangaza a Zongo? Mai mangazar ma ƙila ya daɗe a ƙasa. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta mutum sama da 200,000 ke mutuwa duk shekara saboda amiyant da suka shaƙa a wurin aiki, fiye da kashi 70 cikin ɗari na dukkan masu mutuwa da sankarar da aiki ya jawo kenan. Kuma ba ma'aikacin kaɗai ba, an sha samun matan da ba su taɓa taka masana'anta ba suka kamu, saboda su ke kakkaɓe kayan aikin maigida su wanke.

Turawa ba jiya suka san wannan ba. Tun 1924 wata mata ma'aikaciyar saƙar amiyant a garin Rochdale na Ingila, Nellie Kershaw, ta mutu tana da shekara 33, likitan da ya duba huhunta ya rubuta abin da ya gani. A 1960 wani likita, Wagner, ya nuna alaƙar shuɗin amiyant da mezoteliyom a yankin ma'adinai na Afirka ta Kudu. Duk da haka aka ci gaba da sayarwa shekaru da shekaru don akwai kuɗi a ciki. Faransa sai 1 ga Janairun 1997 ta hana, Ingila ta hana shuɗi da ruwan ƙasa a 1985 ta bar fari har 1999, Tarayyar Turai gaba ɗaya 2005, Afirka ta Kudu 2008, Kanada da ta daɗe tana cikin manyan masu haƙo shi 2018. Akwai ma gari guda a Kanada da sunansa Asbestos, a 2020 mutanen garin suka jefa ƙuri'a suka canja suna saboda kunya da gudun baƙin jini. Amma Rasha da Kazakistan har gobe suna haƙa, Indiya tana saye tana yin rufi da shi. Wannan ya shafe mu kai tsaye, zan dawo kansa.

To ya aka yi ya shigo Damagaram? Ginin kakanninmu a Birni, tubali da azara da soro, ba ruwansa da amiyant, ku kwantar da hankali. Inda za a sa ido shi ne ginin siminti na zamanin Nasara da na bayan ƴancin kai. Garin nan shi ne babban birnin Nijar har 1926 kafin a maida Yamai, kuma bayan nan ma ya ci gaba da zama cibiyar kasuwanci, an yi mangazojin gyaɗa da na fatu, da ofisoshi, da kantuna, da gareji, a daidai shekarun da fibrosima ke tashe a duniya. Ga Kano a kusa, kilomita ɗari biyu da wani abu, kuma Najeriya ta yi masana'antun rufi da silin na asbesto a garuruwa da dama, kayan gininmu kuwa kowa ya san ta inda yawanci suke shigowa. Ban ce kowane tsohon gini yana da shi ba. Na ce duk wanda ya gaji ko ya sayi ko ya kama hayar gini na shekarun 1950 zuwa 1990 ya kamata ya ɗauka akwai har sai an tabbatar masa babu.

Rufi shi ne wanda kowa ke gani, amma ba shi kaɗai ba ne. Akwai farantin filafon masu faɗi da ake bugawa a katako, akwai tiyon ruwa da na bayan gida masu launin toka, akwai tankin ruwa, akwai karo na roba na ƙasa irin na tsofaffin ofisoshi da baƙin gam ɗin da aka manna su da shi, akwai allon da ake kafa mita da fis a kai, wannan mu ƴan kuran ya fi shafa. A gareji akwai shi cikin tsofaffin takalman birki da faifan kuloc da gasket ɗin inji, makanike ya hura da baki ko da iskar kwamfuresa. Mafi muni shi ne mai laushi, wanda ake naɗe tiyon zafi ko salansar babban gurup da shi, ko wanda ake fesawa a ƙarƙashin dakali don kare gobara, wannan da yatsa ma za ka murtsuke shi ya zama gari. Na cikin siminti yana ɗaure, ba ya fita sai an dame shi. Mai laushi kuwa iska kaɗai ta ishe shi.

Kuma ido ba ya rabewa. Ko injiniya ne ya kalli faranti ba zai rantse ba, sai an gutsuri ɗan yanki, a jiƙe, a ƙulle cikin leda biyu an kai labo an duba da madubin ƙara girma. Abin da ke ɗan taimakawa, wasu farantan da aka yi bisa ƙa'idar Turai suna da tambarin NT a jiki, ma'ana ba amiyant, AT kuma akwai. Amma tsohon rufin da rana da ruwa suka ci shekara arba'in ina za ka ga tambari.

Nan ne mutane ke yin kuskure na biyu, bayan na raina abin. Da zarar mutum ya ji wannan bayani sai ya firgita ya ce gobe-gobe a yaye rufin duka a sa tol. A'a Alhaji, tsaya tukuna. Rufin fibrosima da yake lafiyayye, bai tsage ba, ba ya marmashewa, ba wanda ke taɓa shi, haɗarinsa kaɗan ne ƙwarai, har hukumomin Ingila da Faransa shawararsu ita ce a bar shi inda yake a riƙa dubawa, in ya fara tsufa a shafe shi da fenti mai kauri ya rufe fuskarsa. Ranar haɗari ita ce ranar gyara. Ranar da za a kafa sola a huda rufi wuri ashirin, ranar da mai kilim zai fasa filafon ya wuce da tiyo, ranar da za a kankare karo a sa sabo, ranar da ruwan sama ya karya wani gefe aka ce yara su share da tsintsiya. Damina irin ta 2024, wadda har tsohon masallacin Birni ta kayar, gine-gine nawa ta taɓa a garin nan, kuma wa ya tsaya tantance ɓaraguzai kafin a kwashe? Rushewar ganganci da guduma a yini ɗaya tana iya sakin zaren da rufin bai saki ba a shekara talatin yana zaune.

To yanzu maganar doka, wadda ita ce ta fi ɗaure wa mutane kai, kowa na tura wa ɗan uwansa. Bari in fara da yadda wasu suka warware ta don mu ga tsarin tunanin. A Ingila dokar amiyant ta 2012 tana da sashe na 4 da ya ce duk ginin da ba gidan kwana ba, kanti ne ko ofis ko mangaza ko makaranta, akwai mutum guda da nauyin kula da amiyant ke kansa, shi ne wanda gyaran ginin ke hannunsa bisa takardar haya, in ba a rubuta ba to mai iko da ginin. Ba a ce masa ya cire ba. An ce ya bincika ko akwai, in yana shakka ya ɗauka akwai, ya rubuta inda yake da halin da yake ciki, ya tsara yadda zai kula da shi, ya riƙa sabunta rubutun, sannan ya nuna wa duk wanda zai taɓa ginin kafin ya fara aiki. Suna yin haka ne don har yanzu kusan mutum 5,000 ke mutuwa a shekara a ƙasar saboda amiyant, da yawansu kafintoci ne da ƴan famfo da ƴan kuran. A Faransa kuma ginin da aka ba izinin gina shi kafin 1 ga Yulin 1997, in ba gidan kwanan iyali ɗaya ba ne, sai mai shi ya ajiye dosiye na musamman kan amiyant, in zai sayar sai ya nuna sakamakon bincike, in zai yi gyara ko rusau sai an sake bincike kafin lebura ya ɗaga guduma. A 2002 babbar kotunsu ta yanke cewa patoron da ya san haɗarin, ko ya kamata a ce ya sani, bai kare ma'aikaci ba, ya yi laifin da ba uzuri, diyya ta ƙaru. Har asusu na musamman suka kafa na biyan waɗanda suka kamu.

Waɗannan dokokinsu ne, ba sa aiki a Sabon Gari ko kasuwar Dole, kar wani ya ce na ce. Kuma ko shekarun da suka sa, 1997 a Faransa da 1999 a Ingila, ba za mu kwafa mu ce duk ginin da aka yi bayan nan ya tsira ba, tunda kamar yadda na faɗa akwai ƙasashen da ba su daina yi ba kuma kwantena ba ta tambayar kowa. Mai sayen sabon faranti ya tambayi takardar da ta nuna abin da ke ciki.

Amma kar mai gini a nan ya ɗauka ba abin da ya hau kansa. Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumban 2012, ta ɗora wa duk wanda ya ɗauki ma'aikaci nauyin ɗaukar matakan da suka dace don kare ransa da lafiyarsa, ya sanar da shi haɗarin aikin, ya ba shi kayan kariya. Ba ta ce sai babban kamfani ba, kuma yarjejeniyar aiki ko da baki aka yi ta yarjejeniya ce. Ɗan kwangilar da ya hau da yaro kan rufi da mel da tsumma a hanci ya saɓa wannan ko ya san sunan amiyant ko bai sani ba. Akwai sufetocin ƙwadago da aikinsu ne su duba irin wannan, akwai CNSS da ke kula da haɗarin aiki da cututtukan sana'a, sai dai ita tana sanin wanda aka yi wa rajista ne, lebura ɗan yini kuwa ba sunansa a ko'ina, in ciwo ya zo bayan shekara talatin ba shi da ko takarda ɗaya da za ta nuna ya taɓa aiki a wurin. Wannan shi ne ramin da ya fi zurfi a wurinmu a ganina.

Tsakanin mai gini da ɗan haya kuma, tunda Nijar tana cikin OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokar kasuwanci iri ɗaya, hayar wurin sana'a tana ƙarƙashin dokar kasuwanci ta bai ɗaya da aka sabunta a Lome a 2010. Ita ta raba aikin a fili, manyan gyare-gyare na mai gini ne da kuɗinsa, kuma ta ambaci rufi da manyan bangaye da ginshiƙan da ke ɗauke da gini da ramin masai a cikinsu, ɗan haya kuma nasa ƙananan gyaran yau da kullum. To idan rufin fibrosima ya ruɓe yana zubar da gari kan buhunan shinkafar ɗan haya, ba wani ja-in-ja, na mai gini ne. Idan kuma ɗan haya ne ya kira mai sola ya huda rufin ba da sanin mai gini ba, ya jawo wa kansa. Shi ya sa nake ce wa masu ba da haya su rubuta a takardar haya ƙarara cewa rufi ko filafon ɗin nan ana zaton akwai amiyant, ba a huda ba a yanka sai da izini. Layi biyu ne. Sannan ga ƙa'idar nan ta dokar farar hula da kowane alƙali ya sani, wanda ya jawo wa wani cuta da laifinsa ko sakacinsa sai ya biya, mai shayin nan na gindin bango ba ma'aikacin kowa ba ne amma yana da haƙƙi. Mu da muke cewa mu musulmi ne ma ba sai an kai mu kotu ba, malamai kullum suna karanta mana cewa ba cuta ba cutarwa, kuma ɓoye aibin haja a ciniki haramun ne, to wanda ya san rufinsa ya sayar ko ya ba da haya ya yi shiru fa?

Inda gado ya shiga abin ya fi cakuɗewa. Mangaza ɗaya magada goma sha biyar, wani yana Yamai wani yana Agadas wani yana Kano, kowa na jiran kasonsa ƙarshen wata, in ka ce gyara kowa ya ce ba shi ba. A irin wannan wanda ke karɓar kuɗin haya kuma yake kiran magini, shi ne ya kamata ya riƙe wannan nauyi, a faɗa a gaban kowa a cire kuɗin daga haya kafin rabo.

Abin da zan ce mai gini ya yi ba ya buƙatar jiran wata hukuma. Ya sayi littafi na ƴan makaranta, ya zaga gininsa da wani da ya san gini, ba tare da an fasa komai ba, ya rubuta ɗaki kaza filafon irin kaza, lafiya lau ko ya tsage, rufin baya faranti nawa, ya ɗauki hoto da waya ya sa kwanan wata. Ya sa alama da jan fenti a inda ma'aikaci zai gani. Duk bayan damina ya sake zagawa. Duk wanda zai yi aiki, ɗan kuran ne ko mai famfo, a nuna masa littafin, a kuma rubuta sunansa da ranar da ya yi aikin, don wannan rubutun wata rana shi ne kaɗai shaidar da yaron zai samu. In ginin babba ne ko za a yi babban gyara, a kashe kuɗi a aika yanki labo, ya fi arha kan a yi ta zato.

In kuwa ya zama dole a sauke farantin fibrosima, to akwai yadda ake rage ɓarna. A ajiye mel da injin huda gefe, su ne manyan abokan gaba. A jiƙa farantin sosai da ruwa mai ɗan omo a ciki, na san ruwa a Damagaram ba abin wasa ba ne, amma ba tafki ake nema ba, famfon feshin gona da jarka biyu uku na ƴan garuwa sun isa su riƙe wurin a jiƙe. A kwance ƙusoshi ko a yanke su, a sauke faranti ɗaya-ɗaya da igiya yana cikakkensa, ba a jefo shi ƙasa ya tarwatse ba. Kar a taka shi kai tsaye, tsohon fibrosima yana burmawa da mutum ba gargaɗi, a shimfiɗa katako. Takunkumin da ke tare zaren shi ne mai alamar FFP3, rawani da tsumma da takunkumin zamanin korona duk ba sa yi, kuma sai ya manne da fatar fuska, mai cikakken gemu iska na shiga ta gefe, gara a ba shi aikin da ke nesa da ƙurar. Kayan da aka yi aikin da su kar su je gida, a sa rigar leda ta yarwa ko tsofaffin kaya a haɗa su da sharar. Ba shara da tsintsiya, a goge da jiƙaƙƙen tsumma. A gaya wa maƙwabta su rufe, masu abinci su matsa, a zaɓi ranar da ba iska. Shi kuwa mai laushin nan na tiyo da na feshi, wannan ba aikin magininmu ba ne sam, a rufe ɗakin a sa kwaɗo a nemi kamfanin da ya ƙware ko da daga nesa zai zo.

Sai shara. Yarjejeniyar Basel ta 1989 da ta Bamako ta 1991, waɗanda Nijar ta shiga, duk sun lissafa ƙura da zaren amiyant cikin shara mai haɗari, ga kuma dokar muhalli ta ƙasa ta 1998. Ba ya ƙonewa, in ka jefa fibrosima a wuta fashewa yake yi ya watsa zaren. Ba ya ruɓewa, in ka zuba a bola yana nan har jikoki. Abin yi shi ne a naɗe cikin leda mai kauri ninki biyu tun yana jiƙe, a rubuta a jiki, a je meri da ma'aikatar muhalli a nemi su nuna wurin da za a binne shi da zurfi inda ba za a tone ba, a karɓi takarda.

Na samu lambar babban ɗan marigayi mai mangazar nan ta Zongo, wanda shi ke karɓar haya, na kira shi da yamma na yi masa wannan bayani a taƙaice. Ya saurara har ƙarshe, ya ce to Malam na ji, amma kuɗin tol ɗin an riga an biya. Mun dai daidaita a kan rabin da ba a taɓa ba za a kwance shi da hannu a jiƙe, ya ce zai sa a nemo takunkumin daga Yamai. Da na koma washegari in ga ɓaraguzan rabin farko, babu ko ɗaya. Mai shayi ya ce min mai amalanke ya kwashe tun da asuba an cike ramin da ruwa ya ci a bakin lungu inda ƴan kabu-kabu ke bi, manyan gutsattsarin kuma wata tsohuwa ta roƙa ta kai gida za ta rufa wa kajinta akurki.